Birni Ɗaya, Alƙaluma da Yawa: Tuggun Siyasa a Labaran Merovingen

A shekarar 1985 marubuciyar Amurka C. J. Cherryh ta fitar da littafin Angel with the Sword, ƙagaggen labarin kimiyya da ta gina a kan wani birni mai suna Merovingen. Birnin na bakin kogin Det ne, a wata duniya da 'yan Adam suka taɓa yi wa ƙaura, kuma titunansa duk ruwa ne. Gadoji hawa-hawa suka haɗa gidajensa. Masu mulki da manyan attajirai suna can sama inda iska ke kaɗawa, talakawa suna ƙasa cikin danshi da wari, suna tura kwale-kwale da doguwar sanda. Kullum birnin ƙara nutsewa yake yi. Da littafin ya fita, Cherryh ba ta rufe ƙofa ta ajiye makulli a aljihu ba. Ta gayyato wasu marubuta ta ce kowa ya zo ya kama gida a birnin, ya zuba mutanensa. Daga nan aka samu kundaye bakwai da kamfanin DAW ya buga da sunan Merovingen Nights, daga Festival Moon a 1987 zuwa Endgame a 1991.

Ba ita ta ƙago wannan salo na haɗaka ba. Robert Asprin ne ya buɗe hanya da Thieves' World a 1979, shi da Lynn Abbey suka riƙe ragamarsa har kundaye goma sha biyu, duk a birni guda mai suna Sanctuary. Dokar can mai sauƙi ce: kana iya aron mutumin wani marubuci ka sa shi a labarinka, ka wahalar da shi yadda ka ga dama, amma ba ka kashe shi sai da yardar mai shi. Cherryh ta yi rubutu a wancan gida, ta ga daɗinsa, ta ga kuma inda yake yoyo. Abin da ta ƙara a nata shi ne kitso. Maimakon a jera labarai ɗaya bayan ɗaya, sai ta yanyanka su ta saƙa su cikin juna bisa tafiyar lokaci, nata labarin yana shiga yana fita tsakaninsu. Mai karatu yana jin kamar littafi guda yake karantawa, alhali muryar mai ba da labarin tana sauyawa.

A ganina wannan salo ya fi dacewa da labarin tuggun siyasa fiye da kowane irin labari, kuma dalilin a fili yake. Marubuci ɗaya ya san ƙarshen labarinsa tun kafin ya fara. Komai ƙwarewarsa, sanin nan yana tsatsowa cikin mutanensa, sai ka ga makircin ya yi tsaf fiye da kima, kowace ƙarya tana da ranar tonuwarta. A Merovingen kuwa jahilcin na gaske ne. Wanda ke rubuta labarin gidan Kamat bai da cikakken iko a kan abin da jakadan birnin Nev Hettek zai aikata, domin jakadan, Chance Magruder, na hannun Janet da Chris Morris ne, Richard Kamat kuma na Lynn Abbey. Kowa ya ƙulla nasa, ya wayi gari ya tarar wani ya warware masa ba da niyya ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da fada ko ofishin jam'iyya ya san haka abin yake tafiya.

Tushen rikicin shi ne kujerar gwamna. Iosef Kalugin ya tsufa, 'ya'yansa uku, Mikhail da Tatiana da Anastasi, kowa da mutanensa da inda ya dogara. Daga arewa birnin Nev Hettek yana turo 'yan leƙen asiri da wata ƙungiya mai zafin ra'ayi da ake kira Takobin Allah. Addini ma fagen daga ne. Wasu halittu da ake kira sharrh sun taɓa ragargaza biranen wannan duniya, waɗanda suka tsira suka rarrabu: wasu na jiran ranar ramuwa, wasu sun yi imani cewa bashin zunubi ake biya rayuwa bayan rayuwa. Tsoron dawowar sharrh ya sa ana ɗari-ɗari da duk wata na'ura. Wannan ne ya ba labaran ɗanɗanonsu na daban, domin kimiyyar da ke cikinsu kimiyya ce da aka haramta, injin kwale-kwale ma lallaɓa shi ake yi. Mai son jiragen sama jannati da bindigogin haske zai koma gida hannu rabbana.

Amma gwanintar Cherryh tana ƙasan gada. Tauraruwar labarin, Altair Jones, yarinya ce 'yar kwale-kwale da ta tsamo wani baƙo, Thomas Mondragon, bayan an jefo shi ruwa daga kan gada cikin dare. Ta wurinta muke ganin cewa a birnin ruwa babu sirrin da ke tafiya da ƙafarsa. Wasiƙa, guba, makami, kayan fasa-ƙwauri, gawa, duk sai an ɗora su a jirgin wani talaka. Manya suna ƙulla abinsu a sama, amma hanyar aiwatarwa tana hannun waɗanda suka raina. Mazaunin Lome ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan: ɗan zemijan (ɗan acaɓa) da ya ɗauko fasinja daga Totsi zuwa babbar kasuwar Adawlato ya fi ɗan jarida sanin wanda ya kwana a gidan wa. Mercedes Lackey ta bi wannan sawu da yara biyu na labarinta, Raj da Denny, marayun da suka yi rayuwa a fadamar bayan gari, Leslie Fish kuma ta kawo mawaƙa mata biyu, Rif da Rattail, masu yawo da waƙa da saƙon ɓoye.

Salon yana da cutarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Tunda kowane marubuci yana kishin nasa, mutuwa tana wuya, siyasar da ba a mutuwa a cikinta kuwa wasan yara ce. Sai a yi ta zagaye: a kama mutum, a sake shi, a sake kama shi. A Thieves' World cutar ta fito ta wata fuska, kowa ya riƙa ƙara wa nasa gwarzo ƙarfi don kada a danne shi, har birnin ɓarayi ya cika da alloli da matsafa. Cherryh ta kauce wa wannan da riƙon ƙarfe, amma ta biya farashi. Kundayen tsakiya suna jan ƙafa, kuma wanda ya tsinci na huɗu a kasuwa bai karanta na baya ba zai rasa gane gabas da yamma. Marubutan ma ba kai ɗaya suke ba wajen iya alƙalami, kitson kuma yana hana ka tsallake wanda ba ka so. Lackey daga baya ta kwashe kayanta ta sake gina su a Venis ta tarihi, cikin The Shadow of the Lion na 2002 da ta rubuta tare da Eric Flint da Dave Freer.

Mu Hausawa mun daɗe da duniyar haɗaka, sai dai ta baka ce. Gizo da Ƙoƙi ba su da mai su, kowace kaka tana ɗaukarsu ta kai inda take so. A rubuce kuwa, Magana Jari Ce na Abubakar Imam yana da waziri maci amana da labarai cikin labari, amma alƙalami ɗaya ne. Umaru Dembo ya kai mu sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya, shi ma shi kaɗai. Mafi kusa da Merovingen a wurinmu yana talabijin: garin Daɗin Kowa da jihar Alfawa ta Kwana Casa'in a tashar Arewa24, wuraren da aka ƙaga aka zuba musu gidaje da 'yan siyasa. Sai dai can tasha ce ke da garin, marubuci ma'aikaci ne, ba shi da mutumin da zai ce nasa ne. A Turance kuwa marubutan Afirka sun riga sun gwada, da kundin Mothersound na 2023 da Wole Talabi ya tace, wanda aka gina a kan duniyoyin da gungun marubuta suka ƙaga tare.

Idan marubutan Hausa za su gwada, ba sai sun aro Venis ba. Ganvie na nan a kan tafkin Nokuwe kusa da Kwatano, Makoko na nan a Legas, inda gwamnati ta aika a rushe gidajen kan ruwa a 2012. Lome kanta tafki ya raba ta biyu, ga tashar jiragen ruwa, ga iyakar Aflawo a jikin gari. Fiye da ruwan ma, tsarin zango shi ne abin da ya dace da wannan salo. Michel Agier ya yi nazarin Zangon Lome a littafinsa na 1983, ya nuna yadda fataucin shanu da goro ke tafiya ta hannun maigida, mai saukar da fatake, mai tsaya musu wajen bashi, mai dillalai da yara a ƙarƙashinsa. Kowane gida ƙaramar masarauta ce mai abokai da abokan gaba, aure da bashi suna ɗaure su da juna. A ba kowane marubuci gida ɗaya, edita ya riƙe sarautar zango da kalandar gari. Babban abin da zai girgiza kowa ma tarihi ya riga ya tanada: a 1977 hukuma ta tashi tsohon zango daga tsakiyar Lome ta mai da shi can arewacin gari. Wa ya fara jin labari, wa ya samu fili mai kyau a sabon wuri, wa ya rasa baƙinsa don nisan kasuwa? Maigida zai ba da amsa ɗaya, dillalinsa wata, matar da ke sayar da tuwo a ƙofar gidan wata daban, kuma dole editan ya amince tun farko cewa wani gida zai rushe, ko da mai shi bai so ba.