Daga Bango Zuwa Zauren Nuni: Matsayin Mai Zanen Gida a Ƙasar Hausa

1

A cikin shekarar 1978 mutanen birnin New York na Amurka suka fara ganin waɗansu gajerun maganganu rubuce a jikin bangayen unguwanninsu, ko wacce da sa hannun SAMO a ƙarƙashinta. Samari biyu ne ke yin wannan aiki, Jean-Michel Basquiat da abokinsa Al Diaz. Ba a yi shekara biyar ba sai ga Basquiat ya bar bango ya koma zane a kan ƙyalle, har a 1982 aka nuna aikinsa a babban taron masu zane na Kassel, ƙasar Jamus. Ya rasu a 1988 yana da shekara 27. A 2017 aka sayar da zanensa guda ɗaya a kan dala miliyan 110.5.

Abin lura cikin wannan labari shi ne, sa'ad da zanen ya tashi daga titi ya shiga zauren nuni, tare da mai shi ya shiga, da sunansa. To, ƙasar Hausa ma tana da masu zanen bango tun da daɗewa, aikinsu kuwa shi ma ya shiga gidajen tarihi da littattafai, har ƙasashen Turai. Amma a nan zanen ne ya shiga, aka bar mai zanen a ƙofa. Dalilin haka, da abin da ya jawo, shi ne abin da wannan takarda za ta duba.

2

Ya kamata a fara da kalma. Sunan da Turawa ke kiran rubutun bango da shi ya fito ne daga wata kalmar Italiyanci mai ma'anar karta ko ƙarzar abu. Hausa kuwa tana da zane, mai dogon wasali a gaɓar farko, wanda ya bambanta da zanen ɗaurawa mai gajeren wasali. Da wannan kalma ɗaya a ke faɗin zanen fuska, da zanen da a ke yi wa riga kafin a ɗinka ta, da na ƙwarya, da na bango. Watau ga Bahaushe zane ba wani abu ba ne mai zaman kansa. A jikin wani abu a ke yinsa, shi kuwa abin yana da mai shi da amfaninsa. Shi ya sa dagin da ke ƙirjin babbar riga shi ne a kan sirdi, shi ne kuma bisa ƙofar zaure.

Yadda a ke aikin ma ya dace da sunan. Magini ya kan yaɓe bango da ƙasa, ya fitar da siffa da hannu tun tana ɗanya, sa'an nan a shafe da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuwa da laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina. Da siminti ya yawaita sai aka koma karta zane a jikinsa kafin ya bushe, a bi da fenti. Ko ta wace hanya aka bi, damina ce alƙali. In ba a sake yaɓe ba, zanen ya tafi.

Akwai bambanci guda da bai kamata a tsallake ba. Basquiat a ɓoye ya ke rubutu a bangon da ba nasa ba, ba da yardar kowa ba. Magini kuwa kiransa a ke yi, a yi ciniki, a biya shi. Inda suka haɗu shi ne 'yan kallo: duk mai wucewa a hanya yana da rabo, malami da jahili, ba a biyan ko anini.

3

A cikin dukan maginan ƙasar Hausa, wanda sunansa ya fi tsira shi ne Malam Mika'ilu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Wanda ya dubi bakan gizon da ke ɗauke da rufin masallacin, da adon da aka fitar a jikin ginshiƙansa, zai ga gini da zane sun zama abu ɗaya, ba a san inda wannan ya tsaya wancan ya fara ba. Har yau akwai unguwa a birnin Zariya mai amsa sunansa.

Labarin ƙarshensa kuwa a Birnin Gwari ya ke. Masu ba da tarihi na baka sun ce Sarkin Birnin Gwari ya kira shi ya gina masa masallaci, da ya gama, sarki ya ga kyan aikin, sai ya sa aka kashe shi don kada ya je ya gina wa wani sarki wanda ya fi wannan. Irin wannan labari ana ba da shi game da gwanayen magina a ƙasashe da dama, saboda haka ba a ɗaukarsa hujjar tarihi kai tsaye. Amma ko da almara ce, ta faɗi abu biyu na gaskiya. Na farko, mutanen da suka riƙe labarin sun san aikin hannun wani ya fi na wani, har ya isa a yi kishi a kansa. Ashe ke nan ba daidai ba ne a ce zanen Hausa aikin jama'a ne kurum, marar mai shi. Na biyu, darajar aiki takan hau in an tabbata ba za a sake samun irinsa ba. Wannan shi ne ainihin lissafin kasuwar zane ta yau, gama kuɗin aikin Basquiat bayan mutuwarsa ne suka kai inda suka kai. Abin da a ka ce sarki ya nema da takobi, shi ne dillalin zane ke samu in mai zane ya kwanta dama.

4

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuɗin gyaɗa da na auduga da na fatauci suka shiga hannun 'yan kasuwa, sai ado ya fito daga cikin ɗakunan sarakuna ya mamaye fuskar gidajen attajirai. A wannan zamani ne aka fara ganin keke da mota da jirgin sama da agogo a jikin bango, kusa da dagi da takobi. Waɗansu sun ɗauki wannan lalacewar sana'a ne, alhali kuwa alamar ranta ce. Maigida yana shaida wa unguwa abin da Allah ya ba shi, magini kuwa yana gwada cewa hannunsa ya iya abin da kakansa bai taɓa gani ba.

Wannan ado ne ya ja hankalin masana. A 1963 A. H. M. Kirk-Greene ya fitar da ɗan littafinsa, Decorated Houses in a Northern City, a kan gidajen Zariya. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya nunin sana'o'in Hausawa a Landan a 1976. A Jos kuma Zbigniew Dmochowski, mutumin Polan, ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda aka gina kwatankwacin masallacin Zariya. Shi kuwa masallacin na asali, cikin shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage nasa da sabon gini na siminti. Dagi ma ya tashi daga bango da riga ya zama tambarin Arewa.

Ba mai musun alherin waɗannan ayyuka. Da yawa daga cikin gidajen da aka ɗauki hotonsu sun rushe, hoton kaɗai ya rage. Amma fa a dubi sunayen da aka jera a sama: duka na masu rubutu da masu tarawa ne. Ɗalibin da ya san sunan Kirk-Greene da wuya ya iya kawo sunan magini ɗaya cikin waɗanda suka yi adon da littafin ya ƙunsa. Sai a 2007 Friedrich Schwerdtfeger ya fitar da babban littafi a kan adon gidajen Zariya wanda ya dubi masu aikin da masu sa su aikin, lokacin kuwa sana'ar ta riga ta ja baya.

Kwatanci ɗaya zai ƙara fito da maganar. A Zariyar nan dai, a 1958, ɗaliban zane na kwaleji, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don su haɗa ilmin Turai da gadon gida. Okeke ya ɗauki uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya kai shi takarda, ya yi suna a duniya. Wanda ya bi ta makarantar boko shi ya sami ƙofar shiga zauren nuni. Maginin birni kuwa, da ke 'yan mil kaɗan daga kwalejin, bai sami mai yi masa iso ba.

5

Wani zai ce ai magini bai nemi wannan suna ba, an biya shi ladansa, unguwa kuma ta san shi. Gaskiya ne, muddin unguwar na nan. Suna a bakin jama'a ya kan rayu ne in jama'ar na zaune wuri ɗaya, tsoho na nuna wa yaro gida yana cewa wane ya yi shi. Ƙasar Birnin Gwari ta nuna yadda wannan igiya ke tsinkewa. Tun cikin shekarun 2010 ɓarnar 'yan bindiga a dazukan Kamuku da Kuyambana ta tashi ƙauyuka masu yawa, bangon ƙasa kuwa ba ya jimre damina da yawa in babu mai yaɓe. In gida ya faɗi, mutanensa suka watse, zane da sunan mai zane tare su ke tafiya.

Saboda haka gyaran ba wai a yanko bango a kai gidan tarihi ba ne, gama zanen da aka raba da ƙofar da aka yi shi dominta ya zama kamar karin magana da aka rubuta ba tare da zancen da ya jawo ta ba. Abin da ya wajaba ya fi wannan sauƙi, malaman kwalejojin horon malamai kuwa su suka fi kowa ikon yinsa, don ɗalibansu daga ko wane gari su ke. Duk ɗalibin da zai kwafi adon wani gida, a hore shi ya rubuta abu huɗu tare da shi: sunan maginin, da wanda ya koya masa, da shekarar aikin, da sunan da shi maginin ke kiran ko wace siffa da bakinsa. Na ƙarshen nan riba ce ga masu nazarin harshe, domin kalmomin sana'a su kan riga sana'ar mutuwa. Masu nazarin waƙa ba su yarda a rubuta waƙa a bar sunan mawaƙi ba. Babu dalilin da zai sa a yi wa magini abin da ba a yi wa makaɗi.