2013: Shekarar da ƙwallo ta yi mana gata

Ku bar ni da 2013, jama'a! Duk mai cewa akwai shekarar da ta fi ta daɗi a ƙwallon Najeriya, ya zo mu zauna.

Da kunnen doki biyu Super Eagles ta fara gasar cin kofin Afirka a Afirka ta Kudu, ɗaya da ɗaya da Burkina Faso, haka ma da Zambiya, har masu surutu suka fara cewa koci marigayi Stephen Keshi ya kwaso yaran gida ya kai su yawon buɗe ido. Sai ga 3 ga Fabrairu. Kwaddibuwa ta Drogba da Yaya Toure, wadda kowa ya riga ya miƙa wa kofi, ta sha bugun tazarar Emenike mai kama da harsashi, sannan Sunday Mba, ɗan wasan lig ɗinmu na gida, ya ja ƙwallo tun daga tsakiyar fili ya ƙarasa aiki. Mali kuwa huɗu da ɗaya ta kwasa a Durban, namu Ahmed Musa ya zura ta huɗun.

Amma daren wasan ƙarshe da Burkina Faso, 10 ga Fabrairu a Johannesburg, shi ne magana. Minti na 40, ƙwallo ta faɗo gaban Mba, ya ɗaga ta da dama ta tsallake kan mai tsaron baya, bai bari ta taɓa ƙasa ba ya ɗirka da hagu, cikin natsuwa da ƙwarewa da rashin tsoron kowa. Raga! Shekara 19 muna jiran wannan kofi.

Yuni dai ba na son tuna shi. Mun lallasa Tahiti 6-1 a gasar kofin nahiyoyi a Brazil, Uruguay da Sifaniya suka dawo da mu gida. A wuce wurin.

Kano Pillars ta riƙe kambunta na firimiya, sai masu gida! Ran 8 ga Nuwamba kuma yaran Manu Garba, masu gudu, masu wayo, masu taɓa ƙwallo kamar da hannu, suka casa Mexico uku da nema a Abu Dhabi, Iheanacho ya zama gwarzon gasa, kyaftin Musa Muhammed ya rufe da bugun tazara. Kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 karo na huɗu ke nan.

Ko murya ba ta gama dawowa ba, ran 16 ga wata muka doke Habasha biyu da nema a Kalaba, tikitin kofin duniya na Brazil ya shiga aljihu.