Mima ta waye? Gardamar ƴan kallo a kan fim ɗin Perfect Blue

Mu biyar muka zauna kallon Perfect Blue a wani daren Asabar, amma mu uku muka ga ƙarshensa. Na farkon da ya tashi bai ko yi minti goma ba. Da ya ga zane ne ke motsi, sai ya ce shi ya wuce shekarun katun, ya zura takalmansa. Na biyu ya daure har wajen tsakiya, inda ake ɗaukar fitowar fyaɗe, nan ya yi a'uziyya ya fice. Fim ɗin duka minti 81 ne, amma musun da mu ukun da muka saura muka yi a kansa ya fi fim ɗin tsawo nesa ba kusa ba. Tun daga ranar nake bin ra'ayoyin mutanen da suka kalle shi, na kusa da na nesa, kuma abin da na lura shi ne kusan duk abin da ake faɗa an riga an faɗe shi a kan tabarmar nan tamu. Ina gargaɗin mai karatu tun yanzu: zan tona ƙarshen labarin, don ba a iya yi wa fim ɗin nan hukunci ba tare da ƙarshensa ba.

Satoshi Kon ne ya ba da umarni, kuma shi ne fim ɗinsa na farko. Kamfanin Madhouse ya zana shi, Sadayuki Murai ya rubuta labarin daga wani littafi na Yoshikazu Takeuchi da ya fito a 1991. An fara haska shi a bikin fina-finai na Fantasia a Montreal ta ƙasar Kanada a 1997, sannan ya shiga gidajen sinima na Japan a watan Fabrairu na 1998. Labarin wata yarinya ce, Mima Kirigoe, ɗaya daga cikin ƴan mata uku na wata ƙaramar ƙungiyar waƙa mai suna CHAM!, wadda ta bar waƙa don ta zama ƴar wasan kwaikwayo. Ta samu ƴar ƙaramar fitowa a wani shirin talabijin na binciken kisan kai, Double Bind. Daga nan komai ya fara lalacewa. Aka aiko mata saƙon fakis ana kiranta maci amana. Wasiƙar da aka aiko da sunanta ta fashe a hannun wakilinta Tadokoro. Ta tarar da wani shafi a intanet, wai Ɗakin Mima, inda wani ke rubuta labarin rayuwarta ta kullum da bakinta, har irin madarar da take saye da ƙafar da take fara saukewa daga jirgin ƙasa. Sai mutanen da suka sa hannu wajen canza mata kama suka fara mutuwa.

Wanda ya tashi saboda katun ne ba zan ɓata lokaci a kansa ba. A Japan zane hanya ce ta ba da labari kawai, akwai na yara, akwai wanda ko kusa bai kamata yaro ya gani ba, kuma wannan yana cikin na biyun. Wani abu ma, da mutane aka ɗauka da kyamara, da dabarar da fim ɗin ya dogara a kanta ba ta yi aiki ba. Zan dawo kan wannan.

Kafin a fahimci fushin masoyan Mima sai an san irin sana'ar da ta bari. Japanawa na kiran irin waɗannan mawaƙa aidoru, kalmar da suka aro daga Ingilishi, asalin ma'anarta gunki. Ba murya kaɗai ake sayarwa ba. Ana sayar da siffar yarinya mai tsarki, mai murmushi, wadda ba ta da saurayi, don kowane masoyi ya riƙa jin kamar tasa ce. Wanda yake ganin Kon ya zuzuta abin, ya tuna da Minami Minegishi ta ƙungiyar AKB48, wadda a 2013 ta aske kanta ƙwal, ta fito a bidiyo tana kuka tana roƙon gafara, saboda wata mujalla ta buga hotonta tana fitowa daga gidan wani saurayi. Shekara 15 ke nan bayan fitowar fim ɗin. Mu ma da muke kallon fina-finan Hausa mun san yadda ɗan kallo ke iya ɗaukar ƴar wasa kamar ƙanwarsa ta ciki ɗaya da zai yanke wa hukunci, amma wannan zance ne na wata rana.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne ruɗani. Ɗaya daga cikin mu ukun, malamin lissafi ne, ya ce shi daga inda Mima ta fara farkawa a gadonta sau bayan sau ya daina gane komai, kuma a ganinsa mai ba da labarin da ya kasa bambance maka mafarki da gaskiya ya gaza. Na fahimci haushinsa. Akwai wurin da za ka ga Mima tana magana da abokiyar aikinta a kan titi cikin ruwan sama, ka ɗauka rayuwarta ce, sai ka ji an ce a yanke, ashe wasa ake ɗauka. Akwai wurin da likitar ƙwaƙwalwa ta cikin Double Bind ke bayanin cewa yarinyar nan ba ƴar wasa ba ce, mara lafiya ce da ta ƙirƙiro wa kanta wata rayuwa, sai a mayar da faifan baya, a sake faɗin maganar da sunan wadda Mima ke kwaikwayo. Wanne ne na gaskiya? Fim ɗin ya bar ka a tsaye na wani lokaci.

Amma ban yarda gazawa ce ba, kuma dalilina yana cikin mintocin farko. Tun a buɗewa Kon yana yanka tsakanin Mima a kan dandamali tana rawa da Mima a kanti tana sayen madara da abincin kifinta. Motsin da ta fara a can shi take ƙarasawa a nan. Ya koya maka tun da wuri cewa a fim ɗin nan yankan hoto ba ya nufin an tsallaka zuwa wani lokaci, yana nufin an tsallaka zuwa wata Mima. Da farko kana iya bin sawu. A hankali yake janye alamomin da kake dogara da su, daidai lokacin da ita ma take rasa nata, har ta kai tana buɗe Ɗakin Mima don ta karanta abin da ta yi jiya, saboda ba ta tuna ba. Wannan wurin ya fi duk kashe-kashen tayar mini da tsigar jiki: mutum ya koma yana tambayar shafin da wani ke rubutawa da sunansa ko shi wane ne. A 1997 ne fa, lokacin da sai da manajarta Rumi ta zauna ta nuna mata yadda ake shiga intanet. Da Kon ya sa wa mafarki launi dabam don malamin lissafi ya huta, da mun zauna a gefe muna tausayin mahaukaciya. Shi kuwa so ya yi mu shiga cikin kanta.

Maganar wanda ya yi a'uziyya ta fi nauyi, kuma ba na raina ta. Masu wannan ra'ayi suna cewa fim ɗin munafuki ne: yana zagin masana'antar da ke tsiraita mata, alhali shi ma yana tsiraita Mima don mu kalla. A kan fitowar fyaɗen ni ina kare Kon. Dubi yadda ya shirya ta. Muna ganin fitilu da ma'aikata, ana tsayar da ɗauka ana gyara kyamara, namijin da ke kanta ya sunkuya ya ba ta haƙuri a hankali, sannan a ce a ci gaba. Rumi ta fashe da kuka ta bar wurin. Tadokoro, wanda shi ya amince da fitowar, ya kasa ɗaga kai. Kowa ya san wasa ne, kuma sanin bai rage komai ba. Mima ta koma gida tana nuna ba komai, ta tarar kifayenta sun mutu, sai ta hargitsa ɗakin tana kuka tana cewa ita ma ba so ta yi ba, kunyar waɗanda suka yi mata wahala ce ta hana ta ƙi. Ban san wani ɗan kallo mai lafiya da zai ji daɗin wannan ba, kuma an gina wurin ne don kada a ji.

Inda na kasa kare shi shi ne wurin ɗaukar hotunan tsiraici da Murano mai hoto ya yi mata. A nan kyamarar Kon ta daɗe fiye da buƙata, kuma ta tsaya daidai inda ta Murano ta tsaya. Abin da ake son mu gane mun gane shi a daƙiƙun farko. Sauran na masu sayen faifai ne. Mai son ya tsallake wurin bai yi asarar komai na labarin ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a ra'ayoyin mutane shi ne yadda kowa ke tuna Me-Mania, mai gadin nan mai muguwar fuska da ke bin Mima ko'ina, wanda a farkon fim ya ɗaga tafin hannunsa daga nesa yadda zai ga kamar a cikin hannun nasa take rawa. Hoton nan ya yi kyau, ba musu. Amma Me-Mania tarko ne aka ɗana mana. Mun ga mummuna, mun ce ga mai laifi, muka daina bincike. Mai rubuta Ɗakin Mima, mai kashe mutanen, ita ce Rumi, wadda ke shafa mata baya, wadda ita kaɗai ta tsaya tana cewa kada a sa yarinyar nan abin da zai zubar mata da mutunci. Rumi tsohuwar aidoru ce da ba ta kai ko'ina ba. Ta zuba sauran burinta a cikin Mima, da Mima ta canza sai ta yanke cewa wannan jabu ce, ita ce ta ainihi. Ta ukunmu, wadda ita kaɗai ce mace a wurin, ta ce ita tun kukan nan na wurin ɗauka ta fara zargin Rumi, don kukan ya yi kama da na wanda aka taɓa kayansa. Mu maza biyu ba mu ga haka ba sam. Da na sake kallo na ga alamun suna nan birjik.

A nan ne zane ya yi abin da kyamara ba za ta iya ba. Lokacin da Rumi ta sa jar riga da gashin kanti ta biyo Mima da makami, mu da Mima muna ganin yarinya siririya tana tsalle a kan rufin gidaje kamar ba ta da nauyi, tana murmushi. Gilasan shaguna kuwa suna nuna mace mai jiki tana haki, gumi na zuba, fuska a murtuke. Duka biyun da alƙalami ɗaya aka zana su, don haka ido ba shi da hujjar ƙaryata ɗaya ya gaskata ɗaya. Sai dai a nan ne kuma nake da nawa ƙorafin, wanda ban cika jin mutane na yi ba. Duk wanda hankalinsa ya taɓu a fim ɗin nan an zana shi mummuna ko mai ƙiba, idanu a ware nesa da juna. Fim ɗin da ya ɓata awa guda yana nuna mana cutar bautar kyakkyawar fuska, ya juyo ya ce mu ji tsoron mummuna. Ana iya cewa da idon Mima muke gani, amma ni wannan uzurin bai gamsar da ni ba.

Masu cewa Darren Aronofsky ya yi sata suna da ƴar hujja. Wurin da mace ta dunƙule a cikin bahon wanka ta yi ihu a ƙarƙashin ruwa a Requiem for a Dream na 2000 daga nan ya fito, kusan hoto da hoto. Black Swan na 2010, wanda ya ba Natalie Portman kyautar Oscar, shi ma labarin ƴar rawa ce da ke ganin wata ita a madubi. Aronofsky ya yarda akwai kama, ya musa cewa daga nan ya ɗauko. Abin da ke sa magoya bayan Kon ɗaci shi ne a shekarar nan ta 2010 ya rasu, a watan Agusta, da cutar daji, yana da shekara 46, fina-finai huɗu kacal ya bari: wannan, da Millennium Actress, da Tokyo Godfathers, da Paprika. Amma fina-finan biyu ba ciwo ɗaya suke magana a kai ba. Ƴar rawar Aronofsky neman kamala ne ya cinye ta daga ciki. Mima kuwa wasu ne suka yi rabon ta tun ba ta san kanta ba.

Ƙarshen ma bai raba gardama ba. Rumi, jini na zuba, ta tsaya a tsakiyar titi ta buɗe hannuwa ga fitilun babbar mota, tana ɗauka fitilun dandamali ne. Mima, wadda yanzun nan ake neman ranta, ta ture ta daga gaban motar. Bayan wani lokaci Mima ta zama shahararriyar ƴar wasa, ta kai wa Rumi ziyara a asibitin masu taɓin hankali. Tana fitowa ma'aikatan jinya biyu suna raɗa, wai ko ita ce, ko dai mai kama da ita ce. Ta shiga motarta, ta dubi madubi, ta yi murmushi, ta ce ita ce ta gaskiya. Malamin lissafi ya ce ai shi ke nan, ta warke, a ƙarshe dai an ba shi amsa ɗaya da zai riƙe. Ƴar uwar tamu ta girgiza kai. Ta ce Rumi ma haka take faɗa, kuma ita ma a gaban madubi take faɗa. Na tashi na ɗora wani shayin, don na ga babu mai niyyar tafiya gida.