Kafin Jiniya Ta Iso

Motar 'yan kwana-kwana, komai gudunta, ba ta tashi sama. In gobara ta tashi a wani gida a Zabi, ko a ɗakin kwanan ɗalibai a Samaru, sai an kira, sai direba ya kutsa tsakanin tireloli da 'yan adaidaita a Kwangila ko PZ, sannan ya nemi lungun da zai ɗauki faɗin motarsa. Wuta kuwa ba ta jira, balle da hunturu, lokacin da iska ta busar da zana da katako da katifa ƙayau. Mintunan farko suna hannun wanda ke wurin, kuma sau da yawa yaro ne: yarinyar da aka bar wa tuya, ko ɗalibin da ya kunna kyandir yana bitar karatu. Shi ya sa aikin da ɗan kwana-kwana ke yi a filin makaranta, ranar da babu gobara ko'ina, nake ganin bai gaza wanda yake yi da mesa a hannu ba.

Gwani a cikinsu ba ya farawa da tsoratarwa. Kyandir zai kunna, ya kifa masa kofin gilashi, ya ce wa yara su zuba ido. Harshen wutar ya rage, ya yi rawa, ya mutu. Babu wanda ya hura, babu wanda ya zuba ruwa. Daga nan sai bayani: wuta abu uku take buƙata, zafi da iska da abin da za ta ci, ka raba ta da ɗaya ta mutu. Ruwa zafi yake ɗauke mata. Murfi da yashi da jiƙaƙƙen bargo iska suke toshe mata. Rufe kan tukunyar gas kuma yanke mata abinci ne. Duk sauran darasin a kan wannan yake tafiya.

Sai kaskon tuya, inda aka fi yin kuskure. Man gyaɗa ya kama da wuta, hannu da kansa yake kai wa buta. To ruwa ya fi mai nauyi, don haka yana nutsewa ƙasan kasko, ya haɗu da zafin da ya ninka na tafasa, ya zama tururi nan take. Tururin yana kumbura sau wajen 1,700 a kan ruwan da aka zuba, sai ya watso mai mai ci da wuta har rufi. Dubi yadda ma'aikacin yake yi. Ya kashe risho ko gas tukuna. Ya tsoma tawul a ruwa, ya matse shi sosai har ya daina ɗiga. Ya riƙe bakinsa na sama, ya naɗo gefen ya rufe yatsunsa, ya ɗaga shi tsakanin fuskarsa da wutar. Sannan ya shimfiɗa shi a hankali daga ɓangaren da ke kusa da shi zuwa can gaba, don harshen wutar ya kauce masa. Ba jefawa ake yi ba. Kuma ba a ɗagawa a leƙa ko ta mutu, don man yana nan da zafinsa, yana shaƙar iska zai sake kamawa.

Jar tukunyar kashe gobara kowa ya san ta da ido, a banki da gidan mai, amma ƙalilan ne suka taɓa ɗaga ta. Mai shuɗin tambari hoda ce a ciki, tana yi wa fetur da gas da kayan lantarki. Mai baƙin tambari da faffaɗan baki iskar kabon ce, ta wutar lantarki, kuma ba a riƙe bakin nan da hannu saboda sanyinsa yana ƙona fata. Sai ma'aikacin ya kira babbar ɗaliba ɗaya, ya tsayar da ita taku biyu zuwa uku daga tiren da aka kunna wa wuta, iska na bayanta, hanyar gudu ma na bayanta. Ta zare fil ɗin da ke kulle mariƙi. Ta saita bakin a gindin wutar, inda abin da ke ci yake, don harshen da ke sama ba shi ne abokin faɗa ba. Ta matsa, tana kai shi dama da hagu kamar mai shara da tsintsiya, daga gabanta zuwa nesa. "Yallaɓai, har ta ƙare?" E, ta ƙare. Irin tukunyar da ake ratayewa a bango ba ta cika kai rabin minti tana feshi ba, wanda ya ɓata daƙiƙa biyar yana fesa wa hayaƙi ya yi asarar kaso mai yawa.

A nan ne nake tuna irin waɗanda na gani a rataye a wasu ofisoshi, allurar ma'auninsu ta daɗe da sauka daga kore, bokitin yashin da ke gefensu kuma ya koma wurin zubar da ɓawon gyaɗa. Ma'aikacin kirki yana duba allurar, ya duba kwanan watan da aka cika ta, ya juya tukunyar ya saurara ko hodar ta dunƙule.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya. Ka ji warinsa, kada ka kunna fitila, kada ma ka taɓa makunnin lantarki. Rufe kan tukunya, buɗe ƙofa da taga, fita. Ana gano inda yake yoyo da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne ɓarakar, ba da ashana ba.

Mafi wuya shi ne koya wa jiki abin da ba ya so. Yaron da rigarsa ta kama gudu zai yi, gudu kuma fifita ne. Don haka sai a sa su a fili, a yi ta maimaitawa: tsaya, faɗi, rufe fuska da tafin hannu, yi birgima. Suna yi suna dariya, kayan makaranta duk ƙura, ma'aikacin kuma yana barin su su yi dariyar don ya san abin yana shiga. Hayaƙi yakan kashe mutum kafin wuta ta taɓa shi, kuma sama yake taruwa, saboda haka da rarrafe ake fita. Kafin a buɗe ƙofa a taɓa ta da bayan hannu, in da zafi a nemi wata hanya. Wanda ya ƙone a sakar masa ruwa mai sanyi na minti 20, ba man goge baki ko ɗanyen ƙwai ba.

Ba a nesa abin yake ba. A Nuwamban 2021 yara fiye da 20 suka rasu a azuzuwan zana a Maraɗi. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a Ƙauran Namoda cikin dare. Tsangayu da islamiyyu na Sabon Gari da Zabi, inda yara ke jin ɗumin garwashi da hunturu, sun fi kowa buƙatar wannan ziyara, don bai kamata ta tsaya a makarantun boko masu katanga ba.

Daga ƙarshe ma'aikacin yakan koya wa yara kiran waya. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma yana sa malamai su rubuta ta ofishin kwana-kwana mafi kusa a jikin allo. Mai kira ya faɗi unguwa, ya faɗi alamar da direba zai gane, masallaci ko gidan mai ko mahaɗa, ya faɗi abin da ke ci da ko akwai mutum a ciki. Sannan a tura yaro ɗaya mai wayo bakin titi ya tari mota, sauran su taru a ƙarƙashin bishiyar da aka ware tun farko, malami ya buɗe rajista ya kira suna.