Jinjina ga Masu Kunun Zaƙi

A Kano da Zariya, mashayin kunun zaƙi ba ya sayen na kowa. Yana da gidan da ya saba: wata mai kunun tana cika citta, wata kanumfari, wata ta fi son dawa a kan gero.

Aikin ba ƙarami ba ne. Sai an jiƙa hatsi, a markaɗa da kayan yaji da busasshen dankali, a raba ƙullun biyu. A dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, in ya huce a zuba ɗanyen, a bari ya kwana, da asuba a tace. Dankalin ne ke sa kunun ya saki, ya yi zaƙi tun kafin a sa sukari.

In babu ƙanƙara, kafin gobe ya yi tsami. Shi ya sa matan nan kullum sai sun dama sabo. Sannunku da aiki.