Hannun Da Ke Tsayar Da Bandiri: Waiwaye Kan Aikin Malam Nasiru Kabara

Duk wanda ya daɗe a nan Ojo ya san sauti biyu da ba namu ba amma kunnenmu ya saba da su. Na farko badujalar soja, idan ana fareti a bariki. Na biyu waƙar maƙwabtanmu masu coci ranar Lahadi. Idan ka lura, kowanne yana da mutum guda a gaba. Na soja yana riƙe da sanda, na coci hannu kawai yake ɗagawa. Ya ɗaga a tashi, ya sauke a yi tsit, ko da mutum ɗari ne. Wani yaron shagona a Alaba Rago ya tambaye ni, wai Malam, mu ba mu da irin wannan mutumin ne? Na ce muna da shi, har ma wanda ya fi, sai dai mun gaji gangarsa mun bar hannunsa. Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Wanda nake nufi shi ne Shehu Muhammadu Nasiru Kabara na Kano, Allah Ya jiƙansa. Na san wani zai ce, haba Liman, malami guda za ka jera da masu badujala? A yi mini uzuri. Ba makaɗi na kira shi ba. Malam Nasiru malamin tafsiri ne, ya yi shekaru yana tafsirin azumi a fadar Sarkin Kano, ya fassara Alƙur'ani da Hausa, ya shugabanci Ƙadiriyya har ya rasu a 1996, ɗansa Shehu Ƙaribullah ya gaje shi. Amma a cikin ayyukansa akwai guda da ba a cika aunawa ba, wato yadda ya haɗa muryoyin dubban mutane da bugun bandiri da tafiyar ƙafa suka zama abu ɗaya. Wannan ɓangaren kaɗai nake son dubawa, inda ya dace da inda aka samu tangarɗa.

Bandiri dai ba Malam ne ya ƙirƙiro shi ba. Daga Arewacin Afirka ya zo, ta hannun Larabawan da suka zauna cikin birnin Kano, kuma an fi danganta zikiri da shi ga mabiyan Sidi Abdussalam al-Asmar na ƙasar Libiya. Kafin zamaninsa abu ne na 'yan tsirarun masallatai. Ƙadiriyyar da muka gada daga Sakkwato ta wuridi ce da karatu, ba ta ganga ba, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, duk da shi Baƙadire ne, an san ya tsananta a kan kaɗe-kaɗe. Saboda haka da Malam Nasiru ya fito da bandiri fili, ba ƙaramin mataki ya ɗauka ba. A lokacin Tijjaniyyar Shehu Ibrahim Inyas tana jan matasan Kano da zikirin jam'i, shi kuma ya tattaro rassan Ƙadiriyya da ke warwatse ya ba su murya guda.

Wanda bai taɓa zama a halƙar bandiri ba zai ɗauka bugu ne kawai. A'a. Ana farawa a hankali, mai ba da ƙasida ya ja baiti, jama'a su amsa. Bandiri yana ƙasa, kamar bugun zuciya, aikinsa ya riƙe wa mutane ma'auni kada wani ya riga wani. Sannu a hankali a ƙara sauri, har a kai ga anfasu, inda numfashin mutanen da kansa ya zama kiɗan. Sai kuma jagora ya yi ishara, komai ya tsaya cak, a koma addu'a. To wannan tsayawar ita ce gwanintar. Kowa na iya zuga taro ya yi zafi, ko mai tallan magani a tasha yana yi. Amma ka kai mutum ɗari biyar ƙololuwar shauƙi sannan ka dawo da su cikin natsuwa da ɗaga hannu ɗaya, wannan sai wanda aka horar, kuma sai jama'ar da aka horar.

Abu na biyu shi ne Maukibi, jerin gwanon da ake yi a Kano cikin watan Rabi'us Sani don tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani, wanda Malam ya kafa tun shekarun 1950. Ni na gan shi da idona ina saurayi, lokacin da nake bin maigidana Kano saro kaya. Abin da ya tsaya mini a rai ba yawan mutanen ba ne, tsarin ne. Kowace zawiya da tutarta, kowace makaranta da kayanta iri ɗaya, kowane rukuni da masu bandirinsa da mai ba shi baiti. Suna tafe ƙafa na bin bugu, bugu na bin magana. Ina tsaye a gefen titi ina jin kalmomin da ake faɗi rau, ba sai na tambayi kowa ba. Sojan da ke fareti ƙafarsa kawai ake so ta daidaita. A nan kuwa har da harshe, ga kuma niyya da ake so ta daidaita. Wallahi ba ƙaramin aiki ba ne.

Ga nawa hukuncin a kan abin da ya dace: Malam ya ajiye ganga a ƙarƙashin magana, ya ajiye taro a ƙarƙashin ilimi. Mutumin da ke jagorar zikirin shi ne dai mai zama ya karantar da tafsiri da fiƙihu da luga. Ƙasidun da ake rerawa, wasu nasa ne da ya tsara da Larabci a kan ma'aunin waƙa, wasu na magabata ne. Ba a ba wa yaro bandiri don hannunsa na da zaƙi kawai, sai yana ƙarƙashin muƙaddami da zai iya ce masa bari.

Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata, akwai inda nake da magana. Na farko, Larabcin ƙasidun ya fi ƙarfin yawancin masu amshi. Mutum zai yi shekara ashirin yana rera baiti yana hawaye, ka tambaye shi ma'ana ya yi shiru. Idan ma'ana ba ta shiga ba, abin da ya rage masa shi ne karin waƙar da bugun, kuma daga nan ne ganga take fara hawa kan magana. Na biyu, tsarin ya dogara ƙwarai da kwarjinin mutum guda da waɗanda ya rena. Ƙofar da ya buɗe da mabuɗin ilimi, wasu sun shigo ta ba su da mabuɗin.

Ku duba abin da ya biyo baya. Tun a shekarun 1980 da 1990 aka samu ƙungiyoyin matasa a Kano masu ɗauko karin waƙoƙin finafinan Indiya su ɗora yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a kai, suna buga bandiri. Daga baya fiyano ya shigo, aka koma situdiyo, majalisi ya zama wurin liƙi. Ban ce duk sha'iran yau haka suke ba, akwai masu ilimi da ladabi a cikinsu, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa Malam laifin abin da bai koyar ba. Sai dai mai auna aikin mutum dole ya dubi har inuwar da aikin ya bari.

Na san a masallacinmu akwai 'yan'uwa na Izala da za su ce ai tun tushe abin bai halatta ba, kamar yadda Shehu Abubakar Gumi da almajiransa suka daɗe suna faɗa. Akwai kuma 'yan ɗariƙa da za su kawo hadisin 'yan matan da suka yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi Manzon Allah bai hana su ba. Na farkon su ce wancan idi ne da biki, ba ibada ba. Wannan saɓani ya girme ni, kuma ba a wannan shafi za a raba gardamar ba. Ni ina jan salla, sahun bayana akwai kowane ɓangare, kuma kasuwa ɗaya muke ci. Abin da nake so mu yarda a kai ƙarami ne: ko mai halattawa bai halatta hayaniya ba.

Abin da ya sa na dage ke nan. Maulidin bara wata Islamiyya ta fito da yara zagaye a nan yankinmu. An yi musu ɗinki mai kyau, iyaye sun kashe kuɗi. Amma aka yi hayar 'yan badujala irin masu raka biki, aka ɗora lasifika da janareta a kan mota. Yaran sun yi wata guda suna haddace baitocin Ishiriniya, wallahi ko kalma ɗaya ban ji daga bakinsu ba. Masu ganga na nasu, lasifika na nata, yara na baya suna tsalle. Aka kira azahar babu wanda ya isa ya ce a tsaya, don babu mai hannun. Wani maƙwabcina Bayerabe, Musulmi, ya tambaye ni cikin ladabi ko ɗaurin aure ake yi. Kunya ta kama ni.

Mu baƙi ne a Ikko, ko da an haifi wasunmu a nan. Abin da muka fitar kan titi da shi ake auna mu da addininmu. Don haka ga shawarata ga malaman Islamiyyu na Ojo da Agege da sauran zangonni. In za a fito da yara, a naɗa mutum guda mai ilimi wanda kowa zai bi ishararsa. A koya wa yara ma'anar abin da suke rerawa da Hausa kafin a koya musu karin. Duk abin da zai danne muryarsu, ganga ce ko na'ura, a rage shi ko a bar shi a gida. A tsara tafiya yadda lokacin salla zai same su a masallaci. Wanda kuma bai yarda da zagayen ba, ya yi nasiha da lafazi mai kyau, yaran na kowa ne.

Yaron shagona da na ba shi wannan bayani ya ce, to Malam yanzu wa zai riƙe hannun? Na ce sai mun rena shi, kamar yadda aka reni na da, a gaban allo da littafi. Allah Ya jiƙan malamanmu baki ɗaya, Ya haɗa kanmu a kan gaskiya. Wanda ya ga kuskure a maganata, shagona ba ɓoyayye ba ne, ya zo mu sha shayi ya gyara mini.