Hannun da Ke Sama wa Littafi Mazauni

Littattafai ba sa isowa laburare a jere. A cikin katan suke zuwa, wasu an sayo, wasu kyauta ce daga iyalan wani malami da ya rasu, wasu kuma marubutan ne suka kawo da hannunsu. In an yanke igiyar katan, sai a tarar da labarin soyayya kwance a kan littafin kiwon kaji, ƙamus ya danne tarihin sarakuna, littafin girki ya maƙale da na wasan kwaikwayo. Mai karatun da ya shigo bayan mako guda ya same su tsaye reras a kan kanta, ya miƙa hannu ya ɗauko abin da ya zo nema, da wuya ya tuna cewa akwai wadda ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Aikin wannan ma'aikaciya nake so mu duba, tun daga bakin katan har zuwa kanta.

Kayan aikinta ba su da yawa. Akwai babbar rajista, da hatimi da tawadarsa, da fensir da rula da almakashi, da gam da salatif, da 'yan fararen takardu masu manne, da damin katuna, da burushi mai laushi. A gefe guda kuma ga wasu manyan littattafai huɗu da hannu ya riga ya kodar da bangonsu. Za mu zo kansu.

Burushi take fara ɗauka. Ta riƙe littafin a rufe, ta share ƙurar da ke samansa daga wajen ɗauri zuwa baki, don kada ƙurar ta koma cikin ɗinki. In littafin kyauta ne da ya daɗe a ɗakin ajiya, sai ta sunsuna shi, ta duba ko akwai funfuna, ko 'yan ramukan da ƙwari suka huda. Wanda ta samu da alamar ƙwaro gefe take kai shi, domin littafi ɗaya mai ƙwaro ya isa ya lalata kanta guda. Daga nan ta bi shafuka da babban yatsa, tana duban lambobinsu: ko akwai inda aka tsallake, ko an buga wasu a kife, ko an maimaita. A nan ne ake gane sabon littafin da ya fito daga maɗaba'a da naƙasu, a mayar wa mai sayarwa tun ba a buga masa hatimi ba. Shi kansa sabon littafi mai kauri akwai yadda ake buɗe shi karon farko. Takan tsayar da shi a kan gadon bayansa, ta kwantar da bangon gaba da na baya, sannan ta riƙa kwantar da shafuka kaɗan daga dama, kaɗan daga hagu, tana bin su da tafin hannu, har su haɗu a tsakiya. Wanda ya fizge shi daga tsakiya kai tsaye zai ji ya yi ƙas, ɗaurin ya karye ke nan, kuma daga wannan wurin shafuka za su fara zubewa.

Sai rajista. Kowane littafi yana samun layi guda: ranar da ya shigo, sunan marubuci, sunan littafi, kamfanin da ya buga, shekara, daga inda ya fito, da kuɗinsa in saye aka yi. A farkon layin akwai lambar shigowa, wadda babu littafin da zai sake samun irinta a laburaren. Ko da kwafe biyar ne na littafi ɗaya, kowane da tasa. Ta rubuta lambar a bayan shafin suna, ta buga hatimi a gaba, ta buga a gefen shafuka, sannan ta buɗe wani shafi na ciki wanda ma'aikata kaɗai suka san lambarsa, ta ƙara bugawa. Ko an yage shafin farko, wannan na ciki yana nan yana shaida mai littafin.

Duk wannan aikin hannu ne, mai natsuwa zai koya cikin 'yan kwanaki. Inda gwaninta take shi ne tambayar da ke biye: wannan littafi a kan me yake magana?

Ba za ta karance shi duka ba, in ta yi haka katan ɗaya sai ya cinye mata wata. Akwai wuraren da take dubawa. Ta karanta shafin suna, ta juya bayansa inda shekarar bugu take, da lambar ISBN mai alƙaluma 13 a littattafan da suka fito daga 2007 zuwa yau. In ta ga 978 sau biyu a jere a farkon lambar, ta san a Nijeriya aka yi wa littafin rajista. Ta duba ƙumshiya, ta karanta gabatarwa, ta ɗanɗana sakin layi biyu uku a tsakiya. Abin da ba ta taɓa yi shi ne ta yarda da sunan da ke bango, musamman a littattafan Hausa, inda marubuta ke son raɗa suna da karin magana. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ba shi da alaƙa da noma ko abinci, ƙagaggen labari ne. Ikon Allah, wanda Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta, mai gaggawa zai kai shi sashen addini, alhali bayani ne a kan halittu da yadda duniya take, wurinsa yana cikin kimiyya. Uwar Gulma wasan kwaikwayo ne. Shi kuwa Shaihu Umar, sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke jikinsa yana iya jan mutum ya ajiye shi tare da littattafan siyasa ko tarihi, ga shi kuma labarin yana cike da bauta da fatauci ta hamada kamar yadda aka yi su a zahiri. Amma ƙagagge ne, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito a 1934 bayan gasar da aka shirya a Zariya a 1933, fiye da shekara ashirin kafin marubucin ya zama Firayim Minista. Ganɗoki na Bello Kagara ya fi shi ruɗarwa, domin yana farawa da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa da sarakunan da suka rayu da gaske, sai can gaba jarumin ya faɗa ƙasar aljannu. Wadda ta tsaya a shafukan farko za ta kuskure shi.

In ta tabbatar da batun, sai ta jawo waɗancan manyan littattafai huɗu. Su ne tsarin Dewey, wanda wani Ba'amurke mai suna Melvil Dewey ya fitar a 1876 a matsayin ɗan ƙaramin littafi mai shafi 44. Bugu na 23, wanda ya fito a 2011, ya kai mujalladi huɗu. Dabarar ita ce a raba ilimi gida goma, daga 000 zuwa 900, kowane gida a sake raba shi goma, a yi ta rabawa, in alƙaluma uku sun ƙare a sa ɗigo a ci gaba. Kamar babbar kasuwa ce: akwai ɓangaren 'yan hatsi, a cikinsa akwai layin masu gero, a layin kuma akwai rumfar wane. Addini yana 200, harshe 400, kimiyya 500, sana'o'i da aikace-aikace 600, adabi 800, tarihi da labarin ƙasa 900. A cikin 600, noma da kiwo suna 630, kiwon dabbobi 636, kiwon kaji 636.5. Girki yana 641.5. Littattafan harshen Hausa suna 493.72, adabin Hausa kuma 893.72, sai a ƙara masa lamba guda a wutsiya don a nuna nau'i: 1 waƙa, 2 wasan kwaikwayo, 3 ƙagaggen labari. Ka ga Uwar Gulma ta samu 893.722, Shaihu Umar da Ganɗoki sun haɗu a 893.723.

Tsarin ba shi da cikakken adalci, kuma ƙwararriyar ma'aikaciya ta san haka. An gina shi a Amurka ta ƙarni na 19, shi ya sa Kiristanci ya mamaye daga 220 har 280, Musulunci kuwa gaba ɗayansa aka cusa shi a 297. A laburaren Kano ko Sakkwato, inda littattafan tafsiri da fiƙihu da sira suke cika kantoci, dole ta yi ta tsawaita lambobi bayan ɗigo don kada su cakuɗe. Manyan laburaren jami'o'inmu da yawa wani tsarin suke bi, na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, mai haɗa haruffa da lambobi. Amma a laburaren jama'a da na makarantu Dewey aka fi gani, kuma a ganina ya dace da su, domin yaro ɗan firamare ma zai iya bin lambobi.

Akwai littattafan da ke da ƙafa biyu. Magana Jari Ce, ga misali, wani zai ce a kai shi 398.2 tare da tatsuniyoyi, tunda Imam ya ɗebo labarai da yawa daga al'ummomi dabam-dabam ya sa musu rigar Hausa. Wani zai ce aikin marubuci ne sananne, wurinsa adabi. Ita ce za ta yanke hukunci, tana tunanin inda masu karatunta za su fara nufa. Abin da ke kanta shi ne, in ta yanke, ta rubuta, ta tsaya a kai, kada littafi na ɗaya ya kwana a gabas na uku ya kwana a yamma.

A ƙarƙashin lambar takan sa haruffa uku na sunan marubuci, don littattafan da suka yi tarayya a lamba su jeru bisa abacada. Nan ma akwai tarko. Alhaji da Malam da Hajiya da Dokta duk ajiye su ake yi. Marubutanmu da yawa da sunan gari suke rufe sunansu, wani kuma ya rubuta sunansa iri biyu a littattafai biyu. Dole ta zaɓi siga guda ta riƙe, in ba haka ba mutum ɗaya ya rabu gida biyu. Ta rubuta lamba da haruffan a 'yar farar takarda, ta auna da rula daga ƙasan gadon bayan littafin don duk takardun su zo daidai a layi ɗaya, ta manna, ta rufe da salatif. Littattafan labarai da ake bugawa a Kano sukan zo sirara, da 'yar waya a tsakiya, babu gadon bayan da zai ɗauki rubutu. Waɗannan a kusurwar bangon gaba take manna musu. Da yake sau da yawa labari ɗaya yakan fito kashi biyu ko uku, sai ta ƙara lambar kashi, don kada mai karatu ya gama na ɗaya ya rasa inda na biyu ya shiga. Wasu ba su da shekarar bugu sam, sai ta nemo ta daga gabatarwa ko tallan da ke shafin baya, ta nuna cewa ƙiyasi ne.

Yanzu littattafan Abubakar Imam sun warwatse. Ruwan Bagaja yana adabi, Ikon Allah yana kimiyya, Tafiya Mabuɗin Ilmi, labarin zuwansa Ingila a 1943, yana can 914.2 tare da littattafan tafiye-tafiye. Katuna ne ke sake tara su. Kowane kati faɗinsa santimita 12.5 ne, tsayinsa 7.5, da rami a ƙasa inda wani siririn ƙarfe ke ratsawa ya riƙe su a cikin durowa. Littafi guda yakan samu kati uku ko fiye: na sunan marubuci, na sunan littafi, na batu. Wanda ya san marubuci kawai zai samu, wanda ya tuna sunan littafi kawai zai samu, wanda bai san ko ɗaya ba sai dai yana neman bayani a kan zazzaɓin cizon sauro shi ma zai samu. Inda aka koma kwamfuta, da manhaja irin su Koha, katunan sun zama shafukan allo, amma tunanin da ake zubawa a cikinsu bai ragu ba.

A kan kanta daga hagu zuwa dama ake jerawa, daga sama zuwa ƙasa. Sabon ma'aikaci yakan yi tuntuɓe a bayan ɗigo. Tarihin Nijar yana 966.26, na Gana 966.7, na Nijeriya 966.9. Ido zai ce 26 ta fi 9, sai a kai Nijar ƙarshe. Ba haka ake karantawa ba, alƙalami ɗaya-ɗaya ake bi, 2 kafin 7, 7 kafin 9. Ba ta cika kanta maƙil, takan bar wuri don masu zuwa. Manyan littattafai masu nauyi a kwance take ajiye su. Kantar ƙasa tana nesa da daɓe, bayanta ba ya jingina da bango, saboda gara da danshin damina. In za ta ciro littafi, ba ta saƙala yatsa a samansa ta ja, domin nan ne yake fara yagewa. Maƙwabtansa biyu take ɗan turawa ciki, ta kama shi a tsakiya.

Kullum da safe kafin a buɗe ƙofa, takan bi kantoci da ido da yatsa tana karanta lambobi. Wannan shi ne aikin da ya fi sauƙin tsallakewa, domin babu wanda zai gane yau ba a yi ba. Amma littafin da aka soka a kantar da ba tasa ba ya ɓata, ko da yana cikin ɗakin: kati ya ce yana nan, mai nema ya duba bai gani ba, ya tafi. Shi ya sa ake roƙon masu karatu su bar littafi a kan tebur in sun gama. Laburaren da aka yi wata uku ba a bi kantocinsa ba, daga bakin ƙofa ake gane shi.

Da hantsi wani dattijo ya shigo da jikansa, ya ce, "Malama, littafi nake so a kan kaji."

"Sannu da zuwa, Baba. Na ƙwai kake kiwo ko na nama?"

"Na ƙwai ne, 'yata. Kwana biyun nan sun rage yi."

"To, abinci za mu fara dubawa, sannan cututtuka. Bismillah, ga su can a kanta ta uku."

Ta kai shi 636.5, ta ciro biyu, ta buɗe masa babin da ya shafi abincin kaji masu ƙwai, ta nuna masa wanda ya fi sauƙin bayani. Yaron kuma ta tambaye shi ajinsa nawa, da irin labarin da yake so. Ya ce na jarumai. Ta wuce da shi 893.723, ta bi haruffa har ING, ta miƙa masa Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ta rubuta musu ranar dawowa a takardar da ke manne a bangon baya.